Kama da Wane Ba Ta Wane: Sunan Shago da Haƙƙin Mai Shi



Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da alƙalami a zauren dattijonmu a nan Yawunde. Rikicin aure, rikicin haya, bashin da ya kwana biyu, rabon gado, babu wanda bai bi ta ƙarƙashin hannuna ba, kuma yawancinsu da zarar na rufe littafi sai in manta da su. Amma akwai wata ƙara da aka kawo mana bayan Babbar Sallar bara wadda har yau take dawo mini, domin ina ganin mun kusa yin kuskure a cikinta, irin kuskuren da muka daɗe muna yi ba tare da mun san kuskure ne ba.

Wani tela ne ya rasu a unguwarmu, Allah ya ji ƙansa. Ba zan ambaci sunansa ko na shagonsa ba, waɗanda suka sani sun sani. Fiye da shekara talatin yana ɗinkin manyan riguna, har aikinsa ya kai ga ana aiko masa da shadda daga Duwala da Garwa, wasu ma daga Gabon, ba tare da mai rigar ya taɓa ganin fuskarsa ba. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, babbansu bai gama makarantar sakandare ba. Muka zauna rabon gado kamar yadda aka saba. Ni na rubuta: kekunan ɗinki kaza, injin surfani ɗaya, yadudduka kaza, bashin da yake bi, bashin da ake bin sa, kuɗin hayar da ya rage. Aka yi fatiha aka tashi. A cikinmu duka, malamai da dattawa da ni mai rubutu, babu wanda ya ɗaga kai ya dubi allon da ke saman ƙofar shagon. Alhali abin da ke rubuce a kan allon nan ya fi kekunan duka tsada.

Wata uku bayan haka sai babban yaronsa, wanda ya tashi a hannunsa tun yana ɗan shekara goma sha biyu, ya buɗe nasa shagon a kan layi ɗaya, tazarar da ba ta kai taku hamsin ba. Ya ɗauki sunan shagon maigidansa, ya sauya harafi guda, ya ƙara kalmar nan ta Faransanci mai nufin reshe. Shagonsa kuma shi ne na farko ga wanda ya shigo daga babban titi. Baƙo ya faɗa wa mai tasi suna, mai tasi ya sauke shi a allon farko da ya gani. Ɗan aiken da ya ɗauko ƙunshin shadda daga tashar mota ya miƙa a nan. Shagon marayu, wanda ƙanen marigayi ke kula da shi, bai samu rabin aikin da ya saba samu a Sallah ba.

Da aka kira yaron zaure bai yi musu ba, kuma bai yi rashin kunya ba. Hujja uku ya kawo. Ya ce sunan kalmar Larabci ce da ke bakin kowa, babu wanda ya ƙirƙire ta. Ya ce arziki na Allah ne, abin da aka rubuta wa marayu ba zai ci ba. Sa'an nan ya ce, cikin ladabi, shekara goma sha biyar da suka wuce idon maigida ya yi rauni, hannunsa ne ke yin surfanin da ake yabo, don haka sunan da gumin goshinsa aka gina shi. Zaure ya yi tsit. Hujjar nan ta uku tana da nauyi, kuma duk wanda ya taɓa zama yaron wani ya ji ta a ƙirjinsa. Wasu dattawa suka karkata ga a ba iyalan marigayi haƙuri, a ce kasuwa ta kowa ce.

Ni magatakarda ne, ba a tambayar ra'ayina a zaure sai ta kama. Ran nan na nemi izni, kuma abin da na faɗa a taƙaice shi nake so in shimfiɗa a nan.

Mutumin Garwa da ya aiko da shaddarsa, wa ya yi niyyar bai wa? Amsar wannan tambaya ita ce shari'ar duka. Ya yi niyyar bai wa gidan da ya sani, wanda in an ɓata masa riga ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. An karɓi kayansa a wani gida, an bar shi yana zaton yana inda yake nufi. Ko da ɗinkin ya fi kyau, an yi ciniki da shi a kan zaton da ba gaskiya ba, kuma da gangan aka gina zaton, in ba haka ba me ya kawo kalmar reshe? Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci babin ciniki a Risala ya san an hana algus da yaudara da rufe wa mai saye ido. Mun saba fahimtar algus a cikin kaya: ruwa a nono, yashi a gero, ruɓaɓɓen goro a ƙasan huhu. To, ana yin algus a cikin mai sayarwa ma, ka nuna kai wane ne alhali kama da wane ka yi. Game da batun arziki kuwa, gaskiya ne na Allah ne, amma ban taɓa jin wanda aka yanke wa aljihu a kasuwa an ce masa ya yi shiru don arziki na Allah ne ba.

Wani zai ce ai suna ba abu ne da ake taɓawa ba, yaya za a ce an sace shi? Malaman wannan zamani sun riga sun zauna a kan tambayar. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar da ta yi a Kuwait cikin Disambar 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambarin kaya da haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar dukiya a al'adar mutanen yau, shari'a tana kare su, kuma bai halatta a yi musu ta'adi ba. Ta kuma halatta a sayar da su in babu ruɗi da yaudara a ciki. Abin da ake sayarwa kuwa ana gadonsa. Ke nan allon da muka tsallake ran rabon gado dukiyar marayu ne muka bari a bakin titi.

Kuma in mun yi wa kanmu adalci, wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro, da waɗanda suka gangaro kudu da shanu, da me suke ciniki a garin da ba su da kowa? Da sunan fatoma. Baƙo ya sauka gidan wane, a ba mahauci shanunsa bashi saboda wane ya tsaya. Sunan maigida shi ne jingina, shi ne takarda. Alhassan Ɗantata ya rasu tun 1955, amma har yau a ambaci sunan a kasuwa a ga yadda ake gyara zama. Mun san darajar suna sarai. Abin da ba mu koya ba shi ne yadda ake tsare shi a ƙasar da alƙali ba ya zama a zaurenmu.

A nan ne abin ya ba ni kunya. Hukumar da ke rajistar sunayen kasuwanci da tamburan kaya ta ƙasashe goma sha bakwai na Afirka, wadda ake kira OAPI, hedkwatarta tana cikin garin nan namu na Yawunde, kuɗin tasi ɗaya ne daga unguwarmu. Yarjejeniyar Bangi ta 1977 ce ta kafa ta, an kuma sabunta yarjejeniyar a 1999 da 2015. Kamaru na ciki, Nijar da Chadi da Binin da Togo da Gabon duk suna ciki, kuma rajista ɗaya tana aiki a dukkansu. Akwai sashe guda, rataye na biyar, wanda ba ya maganar komai sai sunan kasuwanci. Na nemi wani ɗanmu da ya karanci shari'a ya zauna da ni muka bi shi layi layi, na kuma fito da abubuwan da ya kamata kowane mai shago ya sani.

Dokar ta ce suna na wanda ya fara amfani da shi ne, ko wanda ya fara yi masa rajista. Da na ji haka sai na yi murna, na ce to ai marigayi ya riga kowa da shekara talatin, unguwa duka shaida ce. Sai yaron nan ya ce, Baba, dakata ka ji na gaba. Ba a tabbatar da cewa mutum ya yi amfani da suna sai da rubutu: takardu, ko abin da aka buga, ko wata shaida a rubuce wadda aka yi ta a lokacin da ake da'awar an yi amfanin. Wato dattawa arba'in su zo da rawunansu su rantse, ba su kai rasit ɗaya mai kwanan wata nauyi ba. Mu kuwa duk tsarinmu a kan shaidar baki yake. Muka shiga neman takarda a gidan marigayi. Takardun harajinsa duk da sunansa na yanka suke, babu sunan shago. Awon masu riguna a cikin littafi yake da ajami, babu kwanan wata. Bai taɓa buga rasit ba, domin a ganinsa wanda ya nemi rasit bai yarda da shi ba ne. Da ƙyar uwar marayun ta zaƙulo wata tsohuwar kalanda da ya taɓa bugawa ya raba wa abokan ciniki, da sunan shagon da shekara a jiki. Shekara talatin na aiki, abin da zai tsaya masa a gaban alƙali kalanda ce guda da aka naɗe kwanuka da ita.

Akwai abin da ya fi wannan ban tsoro. In wani ya riga ka zuwa ya yi wa sunan rajista, ya ci gaba da aiki da shi a fili shekara biyar ba tare da an kai ƙarar da ta yi nasara a kansa ba, to ba ka da sauran damar cewa ka riga shi, sai fa in ka tabbatar cewa lokacin da ya nemi rajistar ba yadda za a yi ya kasa sanin naka. Haƙurin da muke bai wa juna a zaure, a bari a ga abin da hali zai yi, kar a kai ɗan'uwa gaban hukuma, shi ne daidai lokacin da doka ke ƙirgawa. Kuma hukuncin laifi da dokar ta tanada, sunan da aka yi wa rajista kaɗai yake karewa. Wanda bai yi ba yana da sauran hanya, ta neman diyya a kan gasar rashin gaskiya, kuma tsohuwar yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ce a kare sunan kasuwanci ko ba a yi masa rajista ba. Sai dai hanya ce mai tsawo, kuma ita ma da takarda ake bin ta.

Wasu 'yan kasuwarmu za su ce ai mu muna da rajista. Ku duba takardar da kyau. Galibi rajistar 'yan kasuwa ce da ake yi a ofishin magatakardan kotu ƙarƙashin dokokin OHADA, wadda ke shaida cewa wane ɗan kasuwa ne. Tana da amfani, kuma in sunan shago ya fito a cikinta ta zama shaida mai kwanan wata. Amma ita dabam, rajistar suna a OAPI dabam. Ta OAPI shekara goma take yi, a sabunta. Abin sha'awa, dokar OHADA ɗin kanta da ta zo bayanin abin da ake nufi da shago a matsayin dukiya guda, ba ta fara da kekuna ko kanta ba. Masu saye ta sa a gaba, tare da suna ko allo. Sauran kayan na iya biyowa baya. Mu a rabon gado sai muka fara daga wutsiya.

To yaya ake gane suna ya yi kama da suna har ya zama laifi? Abin da doka ta hana shi ne a yi amfani da sunan a irin sana'ar mai shi ta yadda zai iya jawo ruɗani tsakanin gidajen biyu. Ba a auna ruɗanin da idon lauya mai ajiye allo biyu gefe da gefe yana ƙirga haruffa. Ma'aunin da ake bi a irin waɗannan shari'u shi ne mai saye na yau da kullum, wanda ba ya ganin sunayen biyu a lokaci ɗaya, abin da ya rage a ƙwaƙwalwarsa kawai yake bi. Ana duba kamar gani, da kamar ji, da kamar ma'ana. A wurinmu kamar ji ta fi komai, domin da yawa daga masu sayenmu da kunne suke karatu. Kuma mun zauna a ƙasar da ake rubuta kalmominmu da ƙa'idar Faransanci, kowane mai fenti da tasa. Nasara da s ɗaya, Nassara da s biyu. Alheri, Alhéri, Al-Hairi. Alhaji, Aladji, El Hadj. A takarda sunaye ne dabam-dabam, a bakin mai babur suna ɗaya ne. Wanda ya sauya harafi ya ce ya bambanta, kansa kawai ya ruɗa, ko kuma ya san sarai abin da yake yi.

Yanzu bari in juyo kan hujjar yaron ta farko, domin akwai gaskiya a cikinta wadda ba na so a binne. Kalmomi irin su alheri da albarka da rahama da nasara na kowa ne, kuma ba zan so in ga ranar da wani mai kuɗi zai riƙe takarda ya bi layi yana sauke allunan talakawa don sun ce albarka ba. Dokar ma ba ta ba da wannan ba. Kariyar tana tsayawa ne a kan sana'a iri ɗaya da yiwuwar ruɗani. Mai tsire da mai sayar da kayan gyaran mota suna iya zama da suna ɗaya har abada, ba wanda zai je neman taya ya dawo da tsire. Haka kuma mai rajista ba shi da ikon hana mutum amfani da sunansa na yanka, ko adireshinsa, ko sunan gari, matuƙar da kyakkyawar niyya ne kuma ba zai ɓatar da jama'a ba. Wannan ya dace da mu, mu da rabin unguwa Muhammadu ne sauran Abubakar. Sai dai an ɗora wa wanda ya zo daga baya nauyin ya ƙara wani abu da zai raba shi da na farko. Ashe abin da muke yi tun tuni da laƙabi, mu ce wane dogo da wane gajere, wane na gidan wane, shi doka ke nema a rubuta a allo.

A nan laifinmu ne mu duka, har da marigayin, Allah ya gafarta masa. Muna da kasala wajen raɗa wa shago suna. Mutum zai kwana bakwai yana shawarar sunan jariri, amma shagon da zai ci da jaririn sai ya leƙa layi ya ɗauki abin da ya ga maƙwabci ya rubuta. Sunan da kowa ke da shi yana da wuyar karewa. Wanda ya haɗa nasa, ya sa abin da ba a saba ji ba, ko ya jingina kalmar da laƙabin gidansu, ya sauƙaƙa wa kansa da 'ya'yansa.

Masu kai da komo tsakaninmu da Kano ko Mubi su lura da abu ɗaya: Nijeriya ba ta cikin OAPI. Takardar Yawunde ba ta aiki a can. Hukumarsu ta rajistar kamfanoni, CAC, ita ma tana ƙin sunan da ya yi daidai da wanda ke cikin littafinta ko ya yi kama da shi har ya iya ruɗarwa, amma littafinta take dubawa, ba namu ba. Mai reshe a ƙasashen biyu sai ya yi rajista biyu.

Na san abin da ke hana mutanenmu zuwa ofis. Akwai kuɗin da za a biya, akwai Faransancin takardu, akwai kuma tsohon tsoron nan cewa duk wanda ya kai sunansa gaban hukuma ya kira mai haraji da bakinsa. Ba na raina wannan tsoro, na ga abin da ya haife shi. Amma mai haraji ya riga ya san ƙofar kowane shago a unguwar nan, ba ya bukatar OAPI ta nuna masa. Kuma ko wanda bai shirya rajista ba yana iya yin abin da bai fi ƙarfinsa ba: ya buga rasit mai sunan shago, ya riƙa sa kwanan wata, ya ajiye kwafi. In zai sabunta takardar haya ko ta haraji, ya roƙi a rubuta sunan shagon kusa da nasa. Mu masu karatun allo bai kamata a koya mana wannan ba, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Saura hujja ta uku, ta gumin goshi, wadda ta fi damuna. Gaskiya ne muna cin ƙarfin yaran shago. Yaro ya yi shekara ashirin, a sallame shi da keke ɗaya da addu'a, wani ma ko keken babu. In da marigayi ya zauna da yaron nan tun yana raye ya ba shi kaso a shagon, ko ya rubuta abin da zai fita da shi, da ba mu zo nan ba. Haƙƙinsa na gumi yana nan, kuma na faɗa a zaure cewa a dube shi a biya shi daga dukiyar in ya tabbata. Amma ba a biyan bashin gumi da sunan marayu, kuma ba mai bin bashi ne ke yanka wa kansa abin da zai ɗauka ba. Hannunsa nasa ne, ya tafi da shi duk inda ya so, babu mai hana shi cewa shi ne ya yi surfanin. Sunan kuwa na shagon ne, doka ma ta ce ba a raba suna da shagon da yake ɗauke da shi, tare ake sayar da su, tare ake gadonsu.

Dattijonmu, Allah ya ƙara masa lafiya, ya saurara har na gama, sa'an nan ya yanke abu uku. Daga yanzu duk rabon gadon mai shago, za a rubuta sunan shagon cikin dukiya a yi masa ƙima. Duk maigidan da zai sallami yaronsa, a zo zaure a rubuta da wane suna yaron zai buɗe nasa. Ya kuma sa na buɗe sabon littafi na sunayen shagunan jama'armu, kowanne da sana'arsa da ranar da aka rubuta shi da sa hannun shaidu biyu. Na gaya wa duk wanda ya zo cewa littafin nan ba ya maye gurbin rajistar hukuma, shaida ce kawai mai kwanan wata, kuma ya fi kalandar naɗe kwanuka.

Shi kuwa yaron, an daidaita a kan zai sauke allon ya sa sunan kansa, uwar marayun kuma ta yarda ya rubuta a ƙasa da ƙananan haruffa cewa a hannun marigayi ya koyi aiki. An ba shi injin surfanin a madadin shekarunsa, ƙanen marigayi kuma ya kai takardun neman rajista. Wata biyar ke nan da yin wannan zama. Kullum na fito sallar Azahar ta gaban shagon nake bi, allon yana nan yadda yake. Na yi masa magana sau biyu, ya ce mai fentin ne ya yi tafiya Ngaundare bai dawo ba. Na rubuta ranakun da na yi masa maganar a cikin littafi.